Zaman Likita da Dangi a ICU: Yadda Ake Sa Na'ura Ta Rubuta Abin da Aka Tattauna

Duk wanda ya taɓa jinya a sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikata ke kira ICU, ya san wannan zaman. Likita ya fito ya ce a tara masa 'yan'uwa. Aka shiga wani ɗan ɗaki, ko aka tsaya a baranda in ɗakin babu. Ya yi bayani na minti ashirin: ƙoda ta tsaya, jini ba ya bugawa yadda ya kamata sai da magani, na'ura ce ke yi masa numfashi. Kowa ya gyaɗa kai. Bayan la'asar babban wa ya iso daga wani gari, ya tambayi abin da likita ya ce. Uwargida ta ce an ce da sauƙi. Ƙanin ya ce an ce sai addu'a. 'Yar ta ce ita dai abin da ta ji shi ne a nemo kuɗin wankin ƙoda. Su ukun suna wurin, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. In ka buɗe fayil ɗin mara lafiyar, abin da za ka tarar layi ɗaya ne da Turanci, wai an yi wa dangi bayani. Wane dangi? Wane bayani? Oho.

Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, likita Élie Azoulay da abokan aikinsa a Paris sun tambayi dangin marasa lafiya bayan sun gana da likitan ICU, suka tarar fiye da rabinsu ba su fahimci ko dai cutar ba, ko maganin da ake yi, ko inda lamarin ya dosa. Mutumin da hankalinsa ke tashe ba ya riƙe magana, ko da digiri nawa gare shi.

A nan ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta samu ƙofa. Akwai manhajojin da ke sauraron hirar likita, su mayar da ita rubutu, sannan su tsara ta kamar bayanin fayil: Dragon Copilot na Microsoft, Abridge, Nabla, Heidi da sauransu. A watan Oktoba na 2023 ƙungiyar likitocin Kaiser Permanente a arewacin Kalifoniya ta fara amfani da irinsu, kuma cikin mako goma likitoci sama da 3,400 suka yi aiki da su a ganawa fiye da 300,000. Sai dai ka lura, yawancin wannan ganawar ta ɗakin ganin likita ce: mutum biyu, ƙofa a rufe, harshe ɗaya. Zaman dangi a ICU wani abu ne daban. Mutum shida ko takwas, ana kuka, ana katse juna, ana shiru mai tsawo, a wajenmu kuma ana haɗa Hausa da Turanci da Larabcin addu'a a jimla guda. Kuma abin da ake yankewa a wurin rai ne. Wannan jagorar ta likitoci ce da nas-nas, da duk wanda aka ɗora wa alhakin rubuta irin wannan zama, sannan a ƙarshe akwai magana ga masu jinya.

Mataki na farko: san aikin da kake ba na'urar

Mutane na cewa "AI za ta rubuta," kamar aiki ɗaya ne. Uku ne. Akwai mayar da sauti rubutu, akwai taƙaitawa, akwai fassara. Kowanne da irin kuskurensa, kuma kowanne yana gina nasa a kan kuskuren wanda ya gabace shi. In kunnen na'urar ya ji "a cire" inda aka ce "kar a cire," mai taƙaitawa zai tsara maka wannan kuskuren da kyakkyawan Turanci, har ka ji daɗin karantawa.

Ga mai aiki da Hausa, rauni ya fi yawa a matakin ji. Whisper, manhajar mayar da sauti rubutu wadda kamfanin OpenAI ya saki a watan Satumba na 2022 kuma manhajoji da yawa suka ginu a kanta, ta sa Hausa a jerin harsunanta, amma Hausar da ta koya da ita kaɗan ce ƙwarai in an kwatanta da Turanci, kuma hakan na fitowa fili a rubutunta. Akwai masu ƙoƙari a gida, kamar Intron Health da likita Tobi Olatunji ya kafa don na'ura ta riƙa gane lafazin 'yan Afirka. Duk da haka, kada tallar kowa ta ishe ka hujja.

Saboda haka shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya daga hanya biyu tun kafin ka fara. Ta farko, na'ura ta saurari zaman gaba ɗaya. Ta biyu, kai ka yi zamanka da idonka a kan mutane, da an tashi ka koma gefe ka faɗa wa na'urar abin da ya gudana cikin minti uku, ita kuma ta tsara. In zaman da Hausa zalla za a yi, kuma ba ka gwada manhajar ka gamsu ba, hanya ta biyu ta fi aminci nesa ba kusa ba. Ba ta da armashi kamar ta farko, amma ba za ta sa wa tsohuwa magana a baki ba.

Mataki na biyu: ina sautin yake zuwa?

Wannan tambayar ta riga kowace. Sautin zaman dangi yana ɗauke da sunan mara lafiya, da cutarsa, da rikicin gida, wani lokaci har da maganar gado da bashi. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa shi cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje, ta kuma ce in sun yoyo ta yadda za su iya cutar da mai su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Nijar ma tana da tata dokar da hukumarta, HAPDP. Yawancin manhajojin nan a manyan kwamfutocin ƙasashen waje suke aikinsu, don haka latsa maɓallin ɗauka kaɗai na iya zama fitar da bayani.

Tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa ko sashen kwamfuta na asibitinku: A ina ake ajiye sautin, kuma har tsawon kwana nawa? Wa zai iya saurara? Ana horar da manhajar da shi? Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da asibitin? In intanet ta yanke a tsakiyar zama, me ke faruwa da abin da aka ɗauka? In ba a ba ka amsa a takarda ba, ba a ba ka amsa ba.

Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fitar da ƙa'idar amfani da waɗannan manhajoji a watan Afrilu na 2025, inda ta nuna cewa wadda ke taƙaita magana da kanta ana iya ɗaukarta a matsayin kayan aikin asibiti mai buƙatar rajista, kuma alhakin duba abin da ta rubuta yana wuyan ma'aikaci. Ko dokar ba ta hau kanka ba, ma'aunin yana da kyau.

Abu ɗaya da ba shi da sassauci: kada ka ɗauki zaman da wayarka ta kanka, sannan ka loda wa manhajar hira ta kyauta. Na san jarabar, musamman ƙarfe biyun dare ga marasa lafiya shida a hannunka. Irin waɗannan manhajoji na iya ajiye abin da ka ba su, wasu ma su yi horo da shi in ba ka kashe hakan ba. Wayar kuma gida za ta bi ka, yara su ɗauka su yi wasa. Asibitin da ke da mai fasaha na iya ɗora Whisper a kwamfutarsa ta cikin gida, ta yi aiki ba tare da sautin ya fita ko'ina ba.

Mataki na uku: gwaji kafin ranar

Ku tara abokan aiki huɗu ko biyar, ku shirya zaman ƙarya na minti goma a ɗakin da ake yin na gaske, fanka na juyawa, janareta na ruri. A sa mai Hausar Sakkwato, a sa mai ƙaramar murya, a sa wanda zai riƙa katse mutane. A ambaci sunayen magunguna da adadi. A yi shiru na rabin minti da gangan. Sannan ku saurari sautin kuna bin rubutun layi-layi, ku ƙirga inda "ba" ta ɓace, da inda aka ba wani maganar wani, da inda aka rubuta abin da babu wanda ya faɗa. Wannan awa ɗayan zai gaya muku ko ku bi hanya ta farko ko ta biyu.

Mataki na huɗu: neman izini

In mara lafiyar yana cikin hayyacinsa, shi ake fara tambaya, ko da ba zai zauna a zaman ba, domin maganarsa ce za a yi. In ba ya hayyacinsa, wakilinsa. Bayan haka kowane mai murya a ɗakin yana da hakki, har da mai tafinta da nas.

A faɗa kafin a kunna, da Hausar da kowa zai gane. Misali: "Baba, Hajiya, kafin mu fara. Wannan na'urar ta asibiti ce. Za ta ɗauki maganarmu ta rubuta, don kada in manta abin da kuka faɗa, ko in rubuta abin da ba ku ce ba. Ni zan karanta in gyara kafin ya shiga fayil. Ba za a tura wa kowa muryarku ba, kuma za a goge ta bisa wa'adin da asibiti ya rubuta. In akwai wanda bai so, sai in kashe in rubuta da hannu, kuma wannan ba zai taɓa kulawar da ake yi wa Alhaji ba ko kaɗan."

Jimlar ƙarshen ita ce ginshiƙi. Wanda ransa ke hannun likita ba ya iya ce masa a'a da sauƙi, kuma mu mutane ne masu kunya da kara. Dattijo zai ce "ba komai, Likita," alhali matar da ke gefensa ta sunkuyar da kai. Dube ta, ka tambaye ta ita ma. In ka ga an yi tsit, kashe kawai. Ka kuma gaya musu suna iya cewa a dakata a kowane lokaci. Sau da yawa maganar da ta fi muhimmanci, kamar cewa kuɗi sun ƙare, ko akwai saɓani tsakanin ɗakuna, ba ta fitowa sai an ga an kashe na'ura. In aka faɗe ta a kashe, tambayi ko suna so ta shiga rubutu.

Mataki na biyar: ɗaki da gabatarwa

Kada a yi zaman a bakin gado. Ƙarar na'urori na dagula sauti, ga kuma maƙwabcin gado da za a ɗauki muryar danginsa ba da saninsu ba. A ajiye na'urar a tsakiya, a tabbatar da caji, a sa wayoyi a shiru.

Da an kunna, faɗi rana da lokaci, sannan kowa ya faɗi sunansa da dangantakarsa da mara lafiya da bakinsa. Kada ka tsallake wannan. "Baba" na iya zama mahaifi, ko ƙaninsa, ko dattijon unguwa. "Ɗan'uwansa" na iya zama shaƙiƙi, ko ɗan baffa, ko ɗan gari ɗaya. Na'ura za ta mayar da su duka abu guda a Turanci. "Matarsa" ma ba ta isa ba in mata biyu ne ko uku. Kai, kalmar "majinyaci" kanta wasu mara lafiya suke nufi da ita, wasu mai kula da shi, don haka ka guje ta a rubutun. Sannan ka yi tambayar da ake yawan mantawa: wa ke yanke magana a gidan nan, kuma yana ɗakin? Sau tari wanda ke kwana a baranda yana sayen magani ba shi ne mai cewa e ko a'a ba. Mai cewar yana Legas ko Jidda, sai an kira shi.

Mataki na shida: zaman kansa

Amfanin na'urar na gaskiya shi ne ta sauke maka alƙalami ka ɗaga kai ka saurara. Wani bincike a Siyatil ta Amurka, da aka buga a 2004, ya ɗauki sautin irin wannan zama ya auna: ma'aikata ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin magana, kuma inda dangi suka fi samun damar magana, nan suka fi gamsuwa. A wani binciken kuma da aka buga a 2007, Alexandre Lautrette da abokansa sun gwada a ICU 22 a Faransa: aka tsawaita zaman daga kimanin minti 20 zuwa 30, aka bar dangi suka yi magana sosai, aka ba su ɗan littafi kan rashi. Bayan wata uku, alamun firgici mai ɗorewa sun bayyana ga kashi 45 cikin 100 na waɗannan dangin, a maimakon kashi 69 na waɗanda aka yi wa zaman da aka saba. Babu na'ura a wannan binciken. Sauraro ne da ɗan littafi kawai.

Saboda haka fara da tambaya: "Yaya, me kuka fahimta game da jikin nasa zuwa yanzu?" Sannan: "Da yana iya magana, me kuke jin zai ce?" Amsar wannan ta biyun ita ce mafi tsada a cikin duk abin da za a rubuta.

Akwai 'yan dabaru da ke taimakon mutane da na'ura lokaci guda. Kira sunan wanda kake wa magana. In wani ya gyaɗa kai ko ya girgiza, faɗa da baki: "Na ga Hajiya ta girgiza kai, ba ki yarda ba ke nan?" Na'ura ba ta da ido. Maimaita adadi da rana: jibi Laraba, ba jibi kawai ba. In ka faɗi kalmar Turanci, biyo ta da Hausarta. In da mai tafinta, a yi gajerun jimloli. Binciken da aka buga a 2008 kan zaman dangi da tafinta a ICU ya gano cewa a fiye da rabin musayar magana an samu wani canji, ƙari ko ragi ko sauyi, kuma tafintocin ƙwararru ne. To ina ga yaron gida da aka jawo ya fassara wa kakarsa cewa ɗanta ba zai tashi ba?

In aka fara kuka, yi shiru, kada ka cike gurbin don na'ura tana ɗauka. Amma ka riƙe a ranka cewa nan ne ramin. A wani bincike da aka buga a 2024, Allison Koenecke ta Jami'ar Cornell da abokan aikinta sun gwada Whisper, suka tarar a kusan ɗaya cikin ɗari na guntayen sautin ta ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya faɗa, kuma kashi 38 cikin 100 na waɗannan ƙirƙire-ƙirƙiren masu iya cutarwa ne. Abin ya fi faruwa inda mai magana ke yin dogon shiru. Da Turanci ke nan fa. Zaman ICU kuwa rabinsa shiru ne. In shirun ya yi tsawo, ka iya dakatar da ɗauka, ko ka lura da lokacin don ka duba wurin daga baya.

Kafin a tashi, taƙaita da bakinka na'ura na ji: "Ga abin da na fahimta. Za mu ci gaba da na'urar numfashi da magunguna. Wankin ƙoda ba a yanke ba tukuna, kun ce sai kun yi magana da Yaya Babba yau da daddare. Za mu sake zama gobe Talata ƙarfe goma. Haka ne, ko na yi kuskure?" Wannan minti ɗayan ya fi sauran duka daraja, domin shi ne kaɗai wurin da dangi suka ji matsayar da kunnensu suka tabbatar.

Mataki na bakwai: umarnin da za ka ba ta

Manhajojin da aka tsara don ɗakin ganin likita za su so su cusa zaman cikin tsarin ƙorafi, gwaji, magani. Bai dace ba. Ba ta naka tsarin: waɗanda suka halarta da dangantakarsu; abin da dangi suka fahimta kafin bayani; abin da likita ya faɗa; abin da aka ce mara lafiyar yake so; tambayoyinsu; abin da aka yanke; abin da ba a yanke ba da wanda ake jira; saɓani in akwai; zama na gaba.

Sannan ka kafa mata iyaka a fili. Kada ta ƙara abin da ba a faɗa ba. Inda ba ta ji ba, ta rubuta cewa ba ta ji ba. Kada ta rubuta "sun amince" sai ta kawo ainihin kalaman da aka furta da wanda ya furta su. Duk maganar dangi kan rai da mutuwa ta bar ta da Hausarta, fassara ta biyo baya. Kada ta siffanta kowa da cewa mai taurin kai ne ko mara fahimta.

Mataki na takwas: dubawa, inda aikin yake

Karanta nan take, kafin ka ga wani mara lafiya, zaman na nan ɗanye a kanka. Rubutun na'ura yana zuwa sumul, ba gyara ba tangarɗa, kuma sumul ɗin ne ke sa ido ya zame.

Fara da korewa. A Hausa tazarar da ke tsakanin "ya yarda" da "bai yarda ba," ko "zai tashi" da "ba zai tashi ba," 'yan gaɓoɓi ne marasa nauyi da mai kuka ke haɗiyewa. Bi kowace matsaya ka tabbatar. Sai adadi, da ranaku, da sunayen magani. Sai wa ya ce me: in mutum biyu suka yi magana tare, na'ura kan haɗe su, ka ga maganar ƙani ta koma bakin uwa.

Sai kuma babban abin, wanda babu manhajar da ta iya shi tukuna: nufi. Na taɓa karanta wani daftari bayan zaman da aka yi da dangin wani dattijo. Likita ya yi bayanin cewa in zuciyarsa ta tsaya, danna ƙirji ba zai dawo da shi ba, sai dai ya ƙara masa wahala. Babban ɗan ya yi shiru, ya ce, "To, Likita. Mun ji. Mun bar wa Allah." Daftarin ya fito da cewa iyali sun amince kada a yi yunƙurin farfaɗo da shi. Kowace kalma an ji ta daidai. Amma da aka koma aka tambaye shi kai tsaye, sai ya ce, "A'a, Likita, ku yi duk abin da za ku iya, sauran na Allah ne." Da wannan layin ya shiga fayil, nas ɗin dare da shi za ta yi aiki.

"To" ba amincewa ba ce, sau da yawa ladabi ce. "Na ji" ba "na yarda" ba ne. "Mun bar wa Allah" wani na nufin a daina, wani na nufin a ci gaba. "Da sauƙi" muna faɗarta ko mutum na gargara. "Sai mun yi shawara" na iya zama a'a mai kunya, ko kuma shawarar ce da gaske. "Za mu tafi da shi gida" na iya nufin sun sallama, ko aljihu ya ƙare, ko za a koma na gargajiya, kuma amsar asibiti ga kowanne daban ce. In ka bar na'ura ta rubuta kawai cewa sun nemi sallama ba da shawarar likita ba, ka rufe ƙofar taimakon da ofishin walwala zai iya yi. "Allah ya yanke masa wahala" addu'a ce, ba umarnin cire na'ura ba. "Ya cika" ko "rai ya yi halinsa" kuwa, in aka fassara su kalma-kalma, shirme ne ke fitowa. A duk irin wannan wuri, in ba ka tambaya a zaman ba, koma ka tambaya. Kada ka cike da zato, kada kuma ka bar na'ura ta cike.

In dangi suka ce sai sun tambayi malam, rubuta haka a matsayin abin da ake jira, ba ƙin magani ba. Tambayar tana da asali: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna hukuncin na'urorin farfaɗowa a zamanta na Amman tun 1986. Abin da malamin ke buƙata daga gare ka shi ne bayanin likita a sarari, kuma rubutun nan zai iya ba shi, in dangi sun yarda.

A ƙarshe cire abin da bai shafi jinya ba. Gorin da aka yi wa amarya, ko maganar fili, ba su da gurbi a fayil ɗin da mutum ashirin za su buɗe. Sa hannu, ka rubuta cewa an yi daftarin da taimakon na'ura kuma kai ka duba. Daga nan maganarka ce, ba tata ba.

Mataki na tara: takardar dangi

Fayil na ma'aikata ne. Dangi suna buƙatar tasu: rabin shafi, da Hausa, ba kalmar asibiti. Na'ura na iya yin daftari, amma Bahaushe ya karanta kafin a miƙa, domin fassararta kan zo da Hausar da babu mai yin ta, wani lokaci kuma ta tausasa labari har ya canja. In ka ce "muna tsoron ba zai tashi ba," kada ta mayar da shi "jikin yana buƙatar kulawa." A miƙa wa wakilin da aka amince da shi, a karanta masa da baki in karatun boko bai zauna ba. Shi zai san wanda zai nuna wa.

Sautin fa? A nan akwai ja-in-ja. Ajiye shi haɗari ne ga sirri, goge shi da wuri kuma na hana a gano kuskure. Rahoton kamfanin dillancin labarai na AP na Oktoban 2024 ya nuna wata manhajar asibiti da aka gina kan Whisper tana goge sautin don kare sirri, abin da ya sa ba a iya komawa a gwada rubutun da asalin maganar. Abin da na ga ya fi dacewa: a riƙe shi har likita ya duba ya sa hannu, sannan a goge bisa wa'adin da asibiti ya rubuta, wanda kuma shi ne aka gaya wa dangi tun farko.

In kai ne mai jinya

Kana da damar cewa a'a, kana da damar cewa a karanta maka abin da aka rubuta da sunanka. In kana so ka ɗauka da wayarka don 'yan'uwa na nesa, nemi izinin likita da sauran mutanen ɗakin, kada ka yi a ɓoye cikin aljihu. Mafi kyau ma, ka ce, "Likita, don Allah maimaita mana a taƙaice in ɗauka wa Yaya," ka ɗauki wannan minti biyun kawai. Tura wa mutum ɗaya ko biyu da abin ya shafa, ba zauren WhatsApp na dangi mai mutum tamanin ba, inda kafin magariba wani zai fara tura ta'aziyya. In ka sa manhaja ta fassara maka bayanin, cire suna da lambar fayil, kuma kada ka tambaye ta ko mahaifinka zai tashi: ba ta gan shi ba, amma za ta ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali. Rubuta tambayoyin da suka taso maka da na waɗanda suka saurara, ka riƙe takardar a aljihu zuwa zaman gobe ƙarfe goma, ka ce a fara da su kafin likita ya shiga sabon bayani.